Na'urar Gwiwa da Wankan Jegon Autata

Jikoki biyu aka yi wa wankan jego a gidana kafin wannan, kuma ko ɗaya ban taɓa sa wa ruwa da hannuna ba. A tsakar gidan nan namu na Runjin Sambo aka yi duka biyun. Ni kuwa ina ɗaki, zaune bakin gado, ƙafafu miƙe bisa matashi, ina jin ƙarar ruwa da kukan jinjiri da muryar ƙanwar maigidana tana ba da umarni. Ita ke tasowa daga Arkilla da jakarta, ta tare wurinmu kwana arba'in. Allah ya saka mata, ban taɓa raina aikinta ba. Amma idan ta gama ta naɗo yaro cikin tawul ta aza mini bisa cinya ta ce, "Ga shi nan, matar yaya, ke naki aikin ɗauka na," sai in yi murmushi in sunkuyar da kai.

Ban san ranar da ƙiba ta kama ni ba. Haihuwa bakwai na yi, kowace ta tafi ta bar mini kasonta. Ga fura da nono da sukari kullum da rana, ga tuwo malmala uku, ga shayi mai kauri. A unguwa ma yabo nake sha. Idan na shiga gidan biki sai mata su ce, "Kai, Alhaji ya iya riƙo." Daga baya na daina shiga gidan bikin, don gwiwar hagu ta fara, ta dama ta bi ta, sannan ƙugu ya ɗauka. Shekara tara ina cikin haka. Ciwo ya hana ni tafiya, rashin tafiya ya ƙara mini jiki, jikin ya ƙara danne gwiwa. Salla a kujera nake yi, tafiya kuwa sai da sanda. Wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya cika da tabo, man zafi babu irin wanda ban shafa ba, ƙwayoyi kuwa na sha har suka fara ƙona mini ciki.

Sai ga autata ta zo daga gidanta na Mabera wata ranar Juma'a, cikinta na fari wata huɗu. Ta zauna ƙasa kusa da ƙafata tana tsince mini shinkafa.

Ta ce, "Inna, ni hwa ke za ki yi mini wanka."

Na ce, "Gwaggonki na nan."

"Gwaggo ta yi na yayyena biyu, ladar ta ishe ta. Ni uwata nika so."

"Uwar taki ko bakin ƙofa ba ta kaiwa sai da dafa bango."

"Wata biyat ya rage. Ki tashi."

Ko ɗago kai ba ta yi ba, kamar wadda ta ce in miƙo mata faranti. Bayan ta tafi na daɗe ina kallon 'yar kujerar tsugune da ke jingine bayan randa, wadda ake zama a kai a yi wa jinjiri wanka. Tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. Rabon da in zauna bisa irinta tun autar nan tana firamare. Ban san abin da ya shige ni ba, zuciyata dai ta riƙa bugawa kamar ni ce mai cikin. Da maigida ya dawo kasuwa na ce masa ina son ya kai ni asibiti. Ya tsaya da buta a hannu yana kallona, don shekara biyu yana roƙona in koma ina cewa a bari.

Likitan da ya duba ni ya ce ba zai ƙara mini ƙwaya ba saboda cikina, sai dai ya tura ni sashen gashin ƙashi. Kafin nan aka ce in hau sikeli. Na hau, allurar ta zagaya ta kai ƙarshe ta tsaya. Aka ce akwai babba a wani gini can baya, ni kuwa ba ni da ƙafar zuwa can. Maigida ya ce su bar masa wannan. Shi mai sayar da hatsi ne, don haka da la'asar sai ga keke mai ƙafa uku ta sauke sikelin shagonsa a ƙofar gida, irin mai faɗin nan da ake aza buhu. Ya rufe ƙofar zaure, ya kama hannuna na hau. Ya duƙa ya duba, ya sake dubawa.

"To, Hajiya, buhun gero ɗaya da rabi. Hal da ɗan ƙari bisa."

Na yi dariya har da hawaye. Ba duka hawayen ne na dariya ba, shi ma ya sani, sai ya shiga goge sikelin da babbar rigarsa alhali babu abin da ya taɓa shi.

Mai yi mini gashin yarinya ce sa'ar ɗiyata ta biyu, mai saurin hannu da saurin magana. Tun ranar farko Inna take ce mini. Na ɗauka ruwan zafi ko wata fitila za a kawo, sai na ga ta ciro wani abu da bai fi wayar hannu ba, da siraran wayoyi, kowace da ɗan faci mai danƙo a bakinta. Ta liƙa mini huɗu kewaye da gwiwa.

Na ce, "Ɗiyata, wuta ta?"

"Batir ne kawai, Inna, ba ya ja. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga gwiwarki zuwa kai, ki ɗauka ɗan lungu ne. Wannan abin zai riƙa tura nasa saƙon, wani zir-zir, har ya cika lungun. Saƙon ciwo sai ya rage samun hanya."

Maigida na tsaye bakin labule ya ce, "Kamar ranar da motocin hatsi sunka tare bakin kasuwa ke nan."

"Haka, Baba. Amma ku ji da kyau. Ba ya warkar da gwiwa, ba ya narkar da kitse. Wasu yana yi musu, wasu ba ya yi. In ya yi miki, zai ba ki awa ɗaya ko biyu da ciwon zai ja baya, a cikinsu ne za ki motsa. Motsin da cin abincin su ne za su rage nauyin."

Na faɗa mata maganar wankan. Ta ƙirga watanni da yatsu ta ce za mu gwada. Sannan ta ce za ta riƙa murɗa maɓalli a hankali, in faɗa mata idan abin ya yi ƙarfi sosai amma bai kai ga zafi ba. Ta murɗa. Na ji kamar 'yan tururuwa uku suna yawo bisa fatata. Daɗi ya kama ni, don ban taɓa jin wani abu a gwiwar nan da ba ciwo ba.

Na ce, "Ya isa."

"Tun yanzu? Kin tabbata?"

"Ya isa, Allah shi yi miki albarka."

Bai isa ba. Amma ni a gidan da na tashi, idan ana zuba maka abu, kai ne za ka ce ya isa tun kwano bai cika ba. Ga kuma layin mutane a benci suna jira, har da wani tsoho da aka kawo a kujerar guragu. Ta yaya zan zauna ina cewa a ƙara, a ƙara, kamar mai kwaɗayi?

Sati uku ina zuwa, sau uku kowane sati. Duk zuwa sai ta buɗe fayil ta ce, "Inna, yaya gwiwar tun wancan zuwan? Ciwon ya ragu ko yana nan?" Ni kuma in ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Na gane tambayarta sarai. Amma yarinya na duƙawa gabana tana ɗaga ƙafar da ni kaina ba na iya ɗagawa, gumi na zubo mata, in buɗe baki in ce aikinta bai yi komai ba? Mahaifiyata ta yi jinyar shekara huɗu, har ranar da ta cika duk wanda ya tambaye ta da sauƙi take cewa. Mu ko naƙuda ba a yarda a ji muryarmu ba. Ita kuwa yarinyar nan duk abin da na faɗa rubutawa take yi.

A zuwa na goma ta jawo wani gajeren benci ta ce tunda ciwo ya yi ta raguwa, lokaci ya yi da za mu fara koyon zama ƙasa-ƙasa. Na kalli bencin, na kalle ta.  Na dafa ƙarfen jikin bango na fara sauka. Ina kaiwa rabi gwiwar hagu ta yi kamar an soka mata wuƙa, ta saki. Ban faɗi bisa bencin ba, gefensa na zube. Sai da mata uku suka taru kafin aka jingina ni da bango.

Bayan ta duba ta tabbatar babu abin da ya karye, ta sallami sauran, ta zauna ƙasa kusa da ni da fararen kayanta.

"Inna, sau tara ina tambayarki."

Ta leƙo fuskata, ta ƙara tambaya.

"Ciwon bai taɓa raguwa ba ko?"

Na ce, "Kina ƙoƙari, ɗiyata."

"Ba ƙoƙarina na tambaya ba. Na'urar fa, kina jin ta da ƙarfi?"

"Ina jin ta dai."

Ta dafe kai. Ta ce laifinta ne da ba ta lura ba, don kakarta ma haka take. Ta ce sati uku sun tafi a banza, kuma da na karye a nan da maganar wanka ta ƙare. Wannan ce ta shige ni. Na ƙirga a zuci, saura wata huɗu da 'yan kwanaki.

Katina na asibiti ya faɗo daga jaka lokacin da na zube. Ta ɗauka za ta miƙo mini, sai ta juya bayansa.

"Wa ke rubuta miki ranakun zuwa a nan?"

"Ni."

Na gaya mata na yi ajin yaƙi da jahilci shekara uku, ina da arba'in da wani abu, lokacin ƙafa tana kai ni. Ta tashi ta shiga ofis, ta dawo da sabon littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

"Daga yau ba zan ƙara tambayarki ba. Kullum ki rubuta abin da gwiwa ta yi, safe da rana da yamma. Idan kin zo ki ajiye mini bisa tebur, ki kau da kai, in karanta."

Washegari bayan na karya na ɗauki biro. Na daɗe kafin in fara. Abin da na rubuta yana nan har yanzu a shafin farko: "Talata. Gwiwar hagu kamar an kafa ƙusa. Ƙugu ya hana ni juyawa. Na'ura ban taɓa jin ta ba sai kaɗan. Babu sauƙi." Na kalli kalmomin nan biyu na ƙarshe, na yi istigfari, na kai biro zan soke. Maigida na shirin fita, na tambaye shi ko wannan ba kai ƙarar Ubangiji ba ne.

Ya ce, "In mai awo ya tambaye ni buhu nawa a mota, in ce mai alhamdulillahi, mi zai rubuta? Yi godiyakki ga Allah, ki hwaɗa ma likita gaskiya."

Na bar su.

Da na koma, ta karanta shafi uku. Ta liƙa mini facin, sannan ta sa na'urar a tafin hannuna.

"Ke za ki murɗa. Ni zan juya baya in yi wani aiki. Ki yi ta ƙarawa har ki ji ta cika gwiwar. In ta fara zafi ko naman ya fara tsalle, ki rage kaɗan."

Ta juya. Babu mai zuba mini, babu mai kallona. Na murɗa, tururuwa uku suka zo. Na ƙara, suka zama gayya. Na ƙara, na ƙara, har na ji wani kauri mai ɗumi yana kaɗawa can ciki, wurin da ƙusar take. Da ta waiwayo ta ga inda na kai, sai ta yi dariya ta ce ya ninka na da fiye da sau biyu. Ta ce mai jiki irin nawa sau da yawa sai an ƙara, don tsakanin fata da jijiya akwai tafiya.

Rabin awa ta cika, ta cire. Ta ce in tashi a hankali. Na tashi ina jiran sukar da na saba, kamar yadda ake jiran a mari mutum. Ciwon na nan, amma ya koma can nesa, kamar rediyon maƙwabta. Na taka ɗaya. Na taka biyu. Ta riƙe gwiwar hannuna muka fita baranda, muka bi ta har ƙarshe. Maigida na zaune ƙarƙashin dogon yaro yana jirana. Da ya hango ni ya miƙe tsaye.

"Hajiya, ina sandar?"

Na waiwaya. Tana can jingine da gadon gashi. Ni da ba a jin muryata daga ɗaki zuwa tsakar gida, ranar nan a cikin keke na yi ta zuba har muka iso gida, ina ba shi labarin abin da ya gani da idonsa. Bayan azahar ciwon ya dawo yadda yake. Na rubuta hakan, na rubuta kuma cewa ya yi awa ɗaya da rabi bai dawo ba, na ja layi biyu ƙarƙashi.

Da aka ga tana yi mini, maigida ya samo mini irinta, yarinyar ta koya mini inda zan liƙa a gwiwa da ƙugu. Ta ja mini kunne: kada in sa a wuya ko ƙirji, kada in sa bisa jiƙaƙƙiyar fata ko kusa da ruwa, kada in ara wa kowa. Kullum da safe in sa rabin awa, in cire, in kama tafiya daga ƙofar ɗaki zuwa zaure. Satin farko sau huɗu. Daga baya na daina ƙirgawa da yatsu, na koma jefa ƙwayar wake a kofi duk zagaye.

Maganar zama ƙasa kuwa maigida ne ya kawo dabara, yarinyar nan likitar gashi ta amince. Ya sa aka yi mini kujerar katako mai ƙarfi, tsawon kujerar da nake salla a kai. In zauna in tashi, in zauna in tashi, sau goma. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya ɗauko zarto ya rage ƙafafun yatsa biyu. Karon farko bai daidaita ba, kujerar ta riƙa rawa, ya yi ta ragewa nan ya rage can har na ce ya tsaya kada ya kai ni ƙasa rana ɗaya. Guntayen da yake yankewa na riƙa tarawa a tsohon gwangwanin madara. Ni dai ban taɓa ɗokin zuwan Juma'a kamar na watannin nan ba.

Abinci ya fi ba ni wuya. Tuwo ya koma malmala ɗaya, miya da yawa. Fura sai ranar Juma'a, babu sukari. Na koma ga kwaɗon zogale da wake da kifi. Ƙanwar maigida ta zo ziyara ta tarar da ni da ɗan kwano a gaba.

"Wanga mi na na? Matar yaya, so kika yi a ce ɗan'uwana ya karye?"

"Likita ta ce."

"Likita ta ce. Yarinyar da in iska ya taso sai an riƙe ta?" Ta hango na'urar bisa gado ta ɗauka tana juyawa. "Wagga ta aka cewa tana narka kitse? Liƙa mini ga tumbi in gani."

Na ce ba ta narka komai, kuma an hana ni arawa. Ta ce rowa ce dai. Sannan ta ga kujerar da gwangwanin guntaye, ta tambaya, na faɗa mata gaskiya. Sai ta ce, "Wankan jego ba wasa ba na. Kwana arba'in, sahe da marece. Jinjiri kuma santsi gare shi." Ba da mugunta ta faɗa ba. Autar ma da bayanta ya fara ciwo ta roƙe ni in sa mata, na ce ko kusa, mai ciki sai da izinin likita. Ta ce ashe na iya cewa a'a.

A wata na uku ɗoki ya ja ni na yi ganganci. Na ji daɗin ƙafa, na zagaya har wake ya kusa rabin kofi, washegari gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Na rubuta komai ban rage ba. Likitar ta ce in huta, kuma kada a taɓa kujerar sati biyu. Juma'a biyu zarto na rataye. Da aka sake hawa sikeli, maigida ya ce tiya biyar ta fita daga buhu da rabin nan. Ba yawa, har yanzu ni ke cika bayan keke ni kaɗai. Amma zanena ya fara zagayowa da saura.

Autar ba ta jira lissafinmu ba. Saura sati biyu, wata Laraba da azahar, aka bugo waya daga asibiti cewa ta sauka lafiya, mace. Washegari da yamma aka kawo su gida. Kujerata kuwa ta fi ta tsugune da yatsa huɗu cif. Na gwada ta tsugunen a ɓoye, na ji ba zan iya tashi daga kanta ba.

Da sassafe ƙanwar maigida ta iso da jakarta. Ta tarar na riga na sa an aza tukunya, ina zaune da wayoyi a gwiwa.

"To, matar yaya, tashi ki koma ɗaki, na iso."

Bakina ya so ya ce to.  Autar na tsaye bakin ƙofa da zane ɗaurin ƙirji tana kallona.

Na ce, "Na sahe nawa na. Awa ɗaya da rabi gare ni, ya ishe ni in yi musu su biyu. Na marece ba ni iyawa, ƙahwata ba ta kaiwa. Shi na nika roƙon ki riƙa mini."

Ta kalle ni sama da ƙasa. Ta kalli kujerata, ta kalli bahon da ke ƙasa.

"Bisa wagga doguwar za ki zauna? Ki duƙa hal ƙasa ki jehwa muna ɗiya cikin ruwa?"

Ta ajiye jakar. Ta nufi bayan gida ta dawo da bulo biyu, ɗaya a kowane hannu, ta jera su gaban kujerar, ta aza bahon a kai. Ta danna shi ta ga bai motsi.

"In kujera ta ƙi sauka, baho shi hau. Cire wayoyin ga, ruwa na hucewa."

Na cire, na goge gwiwa, na tashi. Na fara da mai jego. Ruwan ban bari ya yi zafin irin na zamaninmu ba, don ungozomar asibiti ta gargaɗe mu. Na tsoma ganyen dogon yaro ina yarfa mata a baya da kafaɗu, ina tsaye da ƙafafuna. Tururi ya cika makewayi. Wannan bayan nata da nake gasawa ni na goya shi, amma na manta da ɗan baƙin tabon da ke ƙarƙashin kafaɗarta ta dama sai da na gan shi.

Ta ce, "Inna, hannunki ya hi na gwaggo taushi."

Daga waje gwaggon ta ce, "Ina jinki, marar kunya."

Kafin mu fito kusan awa ta tafi, na fara jin ƙugu yana yi mini magana. Na dafa bango na sauka bisa kujerata a hankali. Aka miƙo mini jinjirar. Ba ta kai nauyin tiya biyu ba. Na kwantar da ita bisa cinyata, na tallafi ƙeyarta da hagu, na ɗebo ruwa da dama. Da ruwan ya taɓa ta sai ta buɗe hannuwa duka biyu ta tsala kuka, ni kuwa dariya ta kama ni har kafaɗuna na rawa. Na wanke kan, na bi wuyan nan mai ninki-ninki, na bi hammata, na kauce wa cibiya. Santsi gare ta kamar yadda aka ce, amma hannuna bai manta ba. Na juya ta rub da ciki na gasa mata baya, ta yi shiru tana sauke ajiyar zuciya.

Na naɗe ta na miƙa wa uwarta. Saura tashi. Ƙanwar maigida ta matso za ta kama ni, na ce ta dakata. Na ja ƙafafu baya yadda aka koya mini, na dafa cinya, na yi bisimilla, na miƙe. Gwiwar hagu ta soka, amma ta riƙe. Ina tsaye, zanena jiƙe sharkaf, ina haki, na ji kamar in leƙa kan katanga in faɗa wa duk Runjin Sambo.

Ƙanwar maigida ta karɓi jinjirar tana dubawa kamar mai sayen atamfa. Ta juya ta nan, ta juya ta can.

"Ba laihi. Amma kin bar kumfa bayan kunne."

Na leƙa, gaskiyarta. Na ce ta kawo ta. Na koma na zauna, na ɗebo ruwa a tafin hannu na wanke kunnen.